Kunne Biyu Allah Ya Ba Ka

Birmingham, Ingila
Daren Lahadi, tsakiyar hunturu

Zuwa ga taubashina, angon wata biyar,

Ina fatan kana lafiya, da amarya, da Gwaggo, da duk mutanen Yelwa, har da waɗanda nake bi bashi suka ce wayarsu ta faɗa ruwa. Ni ma lafiya lau, sai sanyi da ya mai da ni kamar karfasar da aka manta a firji.

Saƙonka ya iso, amma kafin ya iso ya kusa kashe mini Gwaggo. Ka je ka ce mata kana jiran in aiko kuɗin tiyata. Ƙarfe huɗu da rabi na asubar nan ta kira ni tana salati, wai wa za a yanka, kai ko amarya? Sai da na yi ta rantsuwa cewa wannan tiyatar ba ta asibiti ba ce, hom tiyata ce, akwatin kiɗa. Ta yi shiru, can ta ce, "To, Allah Ya shirye ku," ta kashe wayarta. Kai ka yi ɓarna, ni na sha addu'a.

Na karanta buƙatarka har sau biyu. Wadda ta zo cikin kayan ɗakin amarya, mai lasifika biyar da wufa ɗaya, ta yi maka kaɗan. Ka ga wata a Kontagora mai lasifika bakwai, an rubuta wat 5,000 a jikin kwali da jan fenti, kuma kana so in ka sa Sani Aliyu Ɗandawo ka ji kamar yana zaune a falonka. To bawana, kafin mu je ko'ina, kai hannu ka shafa gefen kanka. Kunnuwa nawa ka samu? Ko aure ya ƙara maka biyar ban sani ba?

Ba dariya nake maka ba. To, ina yi, amma ramin da kake shirin faɗawa ni na riga ka, har na san zurfinsa. Albashina na farko a rumbun kayan da nake aikin dare, irin wannan akwatin na saya. Na kwana ina jan waya ta ƙarƙashin kafet kamar mai shimfiɗa taru. Na sa Shata. Sai ga muryarsa tana fitowa daga wani ɗan gwangwani a ƙarƙashin talabijin, siririya kamar ta mai mura, kalangu kuwa ya koma dum-dum-dum, ka ce matan unguwa ne ke daka gero a cikin tanki. Ni dai na ce ai haka Turai take, na ƙara murya.

Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcina ne, wani tsohon Bature mai ritaya, da silifa da rigar barci. Na fara tattara Turancin ban haƙuri, don a nan ƙara bayan ƙarfe 11 na dare magana ce da ke iya kai mutum gaban hukuma. Sai ya ce ba yawan ƙarar ce ta taso shi ba, muninta ne. Wai duk wanda yake waƙar nan babban mawaƙi ne, ko ta bango ya gane, kuma bai cancanci abin da nake yi masa ba. Ka ji fa. Bature ya zo karɓa wa Shata haƙƙinsa a hannun ɗan Yauri.

Washegari ya kai ni falonsa. Lasifika biyu ne kacal, sai wani amfilifaya mai launin toka da ya girme ni, NAD 3020, ƙirar da ta fito a 1978, wat 20 kowane gefe. Ashirin! Na danne dariyata don ladabi. Ya zaunar da ni a wata kujera da ya ce ko matarsa ba ta gusar da ita, ya sa faifan Ali Farka Toure na Mali, wanda ake kira The River, na 1990. Taubashi, na rufe ido sai lasifikan suka ɓace. Ga mai jita a gabana, ga mai ƙwarya can gefe, ga fili tsakaninsu da za ka iya ajiye tabarma. Da na dawo hayyacina na ce masa kogin da aka sa wa faifan suna, shi ne yake bi ta bayan gidanmu, a cikinsa na koyi iyo, a bakinsa aka zane ni saboda iyon. Bai yarda ba sai da ya ɗauko taswira ya bi Kwara da yatsa daga Timbuktu zuwa Yamai, zuwa Yauri. Tun daga ranar nake shan shayinsa, marar sukari, Allah Ya ba ni lada.

Ga abin da na koya a makarantar tsohon nan, kyauta zan ba ka tunda kai ɗan mace ne, ba ka da gado a wurina sai wannan. Lasifika biyar da wufa don fim aka yi su. Na tsakiya na maganar 'yan wasa ne, biyun baya na harsashi da mota da ruwan sama, wufa kuma na fashewar bam. A farkon shekarun 1990 tsarin ya kama gidajen silima, daga nan ya shigo gidaje. Waƙa kuwa, kusan duk wadda aka haɗa a sitidiyo, don hanya biyu aka haɗa ta, hagu da dama. Wani injiniyan Ingila, Alan Blumlein, shi ya yi rajistar dabarar a 1931. Asalinta kuma ba komai ba ne face abin da kowane Basarke ya sani: cikin duhu a tsakiyar ruwa, kunne biyu ne ke gaya maka injin jirgi daga ina yake tahowa, da nisansa. Ka ba kunnuwan nan sauti biyu masu tsabta, ƙwaƙwalwa za ta jera makaɗa a gabanka da kanta. In ka raba waƙar hanya biyu ga bakuna bakwai, ka yi abin da ake yi wa miyar gidan biki idan baƙi sun yi yawa.

Sai maganar wat 5,000. Madatsar Kainji gaba ɗayanta, da injinanta da komai, megawat 760 ne ƙarfin da aka girka mata. Na zauna na yi lissafi: in kwalin nan gaskiya yake faɗa, mutum 152,000 suka kunna irinta lokaci guda, an gama da Kainji. Juya akwatin ka duba ɗan rubutun da ke kusa da inda wayar wuta ta shiga. Nan ne ake rubuta abin da yake ci, kuma da wuya ka ga ya kai wat ɗari. Abin da bai ci ba, ta ina zai amayar? Lambar kwali kirari ce irin ta maroƙi, wanda zai kira ka giwa alhali akuya ɗaya gare ka, ita ma ta amarya ce.

Don haka ba zan aiko kuɗi ba. Kar ka ɓata rai, ƙarasa karatu. Akwai kasuwar da Turawa ke ci ran Lahadi a fili, kowa ya buɗe bayan motarsa ya baje tarkacen gidansa, gwanjo dai, sai dai su ba sa jin kunya. A nan na samo maka lasifika biyu na Wharfedale, kamfanin da ya fara wannan sana'a a Yorkshire a 1932, da ɗan amfilifaya da bai fi kwanon sha girma ba. Suna cikin kayan da za su sauka Kano wata mai zuwa. Wutarmu da tasu ɗaya ce, bolt 230, filogi ma mai ƙafa uku ne irin namu, cikin ɗan abin da suka bar mana da ya yi amfani.

Yanzu ka buɗe kunnuwan nan biyu, don a nan na san za ka yi ɓarna. Ka san duwatsun murhu. Lasifika biyu da kanka, ku ne duwatsun uku. In tsakaninsu taku uku ne, tsakaninka da kowanne ma taku uku, kuma ka ɗan karkato fuskokinsu su dube ka. Tsayinsu daidai kunnenka in kana zaune. Ba saman wadirof ba, ba aljanu za ka yi wa kiɗa ba. Ka janye su daga bango kamar kamu biyu, kar ka cusa su a lungu, in ba haka ba ganga za ta kumbura ta haɗiye murya. Babban gargaɗi kuma: kar su kusanci kabet ɗin jeren amarya. Na ga hotonsa. Kwanuka da tangaran ɗin da ke ciki, in ganga ta buga, su za su riƙa yi wa Ɗandawo amshi, kuma ba su iya ba.

Falonka tayil a ƙasa, siminti a gefe, kwano a sama, wato ka gina rijiya ka sa mata kujeru. Shimfiɗa darduma mai kauri tsakaninka da lasifikan, ka sauke labule. Wannan kaɗai ya fi lasifika biyun da kake son ƙarawa. Wajen ɗaura waya, ja ga ja, baƙi ga baƙi, a duka gefen. Ka juya ɗaya, sai su zama mutum biyu a kwalekwale, wannan na tuƙi gaba wancan na tuƙi baya: sauti na nan amma ba nauyi, muryar ma ba ka san inda take ba. Hom tiyatar amarya kuma ka bar ta inda take, don fim ɗin Indiya da ranar da Arsenal za ta sake ɗaga maka hawan jini. Yau ma, kafin kaya su iso, duba rimot ɗinta, akwai maɓallin da ke mai da ita sitiriyo. Danna shi ka ji, ko sisi ba za ka kashe ba.

Akwai kuma waƙoƙin da ke cikin memorinka. Na san tarihinsu. Daga kaset zuwa kwamfutar mai tura waƙa, daga nan Xender, daga nan WhatsApp, daga nan wayar direban Koko, sannan kai. An matse su an sake matsewa har sun koma kamar shayin da aka tafasa sau huɗu. Faifan CD yana ɗauke da kilobit 1,411 a kowace daƙiƙa, wanda ka turo mini bara 64 na gani. Lasifika mai kyau ba ya rufa asiri, abin da aka ba shi yake faɗa, kamar yaron gida gaban baƙi. Ka nemi kwafi na kusa da tushe, ko a wajen tsofaffin masu kaset na kasuwa.

To ga inda Allah Ya kama ni, na faɗa maka don na san ko ban faɗa ba za ka ji. Bayan na sayar da gwangwanayena, na tara kuɗin wata uku na haɗa nawa lasifikan, na auna murhu da igiya, na gayyato tsohon, na sa wani tsohon ɗaukan Ɗandawo da aka yi a gidan biki. Muka rufe ido. Shi da 'yan amshi da makaɗa, kaf ɗinsu suka taru a wuri ɗaya a tsakiya, kamar fasinjojin jirgin ranar kasuwa. Ba hagu ba dama. Tsohon ya yi dariya har da tari, ya ce da makirfo ɗaya aka ɗauka, ko lasifika ɗari na sa haka zai fito. Wata uku na aikin dare, taubashi!

Sai dai ban kashe ba. Don a karon farko na ji abin da shekara da shekaru ban taɓa ji a kaset ɗin ba. Na ji numfashin da 'yan amshi ke ja kafin su karɓa. Na ji wata mata can baya tana kiran yaro da harshenmu na gida. Har zakara na ji, wallahi, zakaran Yelwa, ya yi cara a tsakiyar Birmingham. Tsohon ya ga ina goge ido, na ce masa sanyin garinsu ne.

Rabon da aka yi mana ni da kai, sai Allah. Ni wuta ba ta ɗaukewa, amma bangona kamar takarda, sai in yi ta sauraron kiɗan fada da muryar gulma. Kai kuwa ko za ka tashi unguwa har Tondi ba mai ƙwanƙwasa maka ƙofa, sai dai wutar ce babu. A 1968 ruwan madatsar Kainji ya cinye gungun kakarmu, aka kwashe su zuwa tudu don ƙasa ta samu lantarki, ga manyan wayoyi sun wuce ta Birnin Kebbi har Yamai, jikanta kuma yana cajin waya a shago. Shi ya sa na zaɓo maka amfilifaya marar ci, wanda batirin solarka zai riƙe har ka yi barci. In ka haɗa shi da janaretanka ba sitabilaiza, kar ka kira ni, kira Gwaggo, a wannan karon da gaske tiyata ce.

Ka tambayi ko zan zo bikin Rigata. Ka tuna abin da malamin tarihi ya koya mana, cewa a 1830 wasu Turawa biyu wa da ƙane, su Lander, sun zo Yauri neman takardun Mungo Park, Sarki ya riƙe su makonni yana cewa gobe, jibi, suka tafi hannu wofi? To jikokinsu sun riƙe abin a rai. Ga ni a ƙasarsu ina neman takardu, kullum gobe, jibi. In sun huce kafin lokacin, za ka gan ni.

Ladan lasifikan abu ɗaya ne. Ranar kasuwa ka sauka bakin ruwa da hantsi, inda jirage ke sauke buhunan albasa, ka kwantar da wayarka a gicciye, ka ɗauko mini minti goma. Kar ka yi magana, na san zai yi maka wuya. Ina son injin jirgi ya shigo ta hagu ya mutu a dama, ina son masu cinikin busasshen kifi suna rantsuwar ƙarya a tsakiya. Ka duba cikin saitin abin ɗaukar murya ka zaɓi sitiriyo, kuma ka turo shi a matsayin fayil, ba saƙon murya ba. Kifin kansa kar ka aiko, karnukan filin jirginsu sun fi ka hanci.

Ka gaida Gwaggo, ka ce mata na shiryu. Ka gaida mutanen Wara da na Shanga in an haɗu. Kuɗin shara kuwa, na bana da na shekara tara masu zuwa, suna cikin kwalin nan.

Naka,
Ubangidanka, ɗan Kawu

Na manta: ka gaya wa amarya cikin lallashi, ba a rufa wa lasifika leshi, ba a ɗora masa tukunyar fulawa. In ta ƙi, to a bar fuskar a buɗe, fulawar kuma ta roba, marar ruwa.