Mu Bar Yaro Ya Ƙarasa Maganarsa

A nan Ƙofa, in za mu yabi yaro, abin da muke fara cewa shi ne, "Ɗan gidan wane ai ba ruwansa, ko motsinsa ba ka ji." Maza su faɗa a ƙofar masallaci, mata su faɗa a gidan suna. Tun yana tatata muke koya masa cewa in manya na magana ya kama bakinsa, in baƙo ya shigo ya durƙusa ya gaishe shi ya fice. Tarbiyya ce, ba mai son ta ɓace. Amma ranar da malamin firamare ya aiko cewa yaron nan ba ya ɗaga hannu a aji, mu ɗin ne dai za mu tsare shi: "Kai ba ka da baki ne?"

Yana da shi mana! Ku leƙa makarantar allo da sassafe ku ji yadda yake ɗaga murya. Ku tsaya a Kwanar Ɗangora ku saurari 'yan matan da ke talla, yadda suke ciniki da direbobi, su lissafa canji ba gargada. Cikinsu akwai wadda a gida ake kira miskila.

To me ke ɗaure harshen a aji? Turanci na ciki. Tsarin ilimi na ƙasa na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen uwa, amma har yau akwai ajin da in yaro ya amsa da Hausa sai a yi masa tsawa, in ya gwada Turanci ya yi tuntuɓe 'yan aji su fashe da dariya. Sau ɗaya aka yi wa mai kunya haka, ya rufe ke nan. Ga cunkoso: a 2019 gwamnatin Kano ta ce karatu kyauta ne kuma dole, azuzuwa kuwa a cike suke, malami ɗaya ba zai san muryar na can baya ba.

Sai dai babban aikin na gida ne. Baƙo zai tambayi yarinya, "Ajinki nawa?" Kafin ta haɗiye yawu uwa ta amsa mata. Ɗan fari kuwa ya fi kowa shiga wannan hali, tunda uwa na jin kunyarsa, ko sunansa ba ta kira, uba ma gaisuwa ce kawai ke haɗa su. Da wa zai yi hira? A da kaka ce ke cike wannan gurbi. Ta tsokane shi da "mai gidana", ya rama, da dare ta yi masa tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, gobe ta ce shi ma ya yi mata. Yanzu waya ta cinye wannan lokacin, yara sun zagaye fim, kowa shiru.

Wata dattijuwa a unguwarmu takan ce wa 'yarta, "Ke dai yi haƙuri, bar yaron ya kai ƙarshe." Gaskiyarta. A aiki yaro kanti, in ya dawo ya faɗi yadda suka yi da mai kanti. Uba ya ɗauke shi zuwa gona, a hanya ya tambaye shi wa ya zauna kusa da shi a aji, sannan ya jira amsar komai daɗewarta. Mai in-ina kada a kwaikwaye shi, kada a ƙarasa masa kalma.

Wani shirun kuma na ciwo ne. Yaron da kunnensa ke zubar da ruwa, ko sai an kira shi sau da yawa yake waiwayowa, asibiti za a kai shi. Masu lalurar ji ma suna da makarantarsu a Tudun Maliki, cikin Kano. Wanda kuwa a da yake da surutu, kwatsam ya daina magana, yana ƙin zuwa makaranta ko gidan wani, wannan a keɓe da shi, a tambaye shi a hankali, ba da bulala a hannu ba.