Kishiyata Mai Fukafukai

Orsay, Faransa

Zuwa ga taubashiyata, baiwata ta Tibiri,

Yaya ƙafar Kawu? Allah ya sa hatsin bana ya yi albarka. Ki durƙusa har ƙasa ki gaishe min da Kawu da Gwaggo, in dai gwiwoyinki ba su manta hanyar ƙasa ba tun da maigidanki ya saya miki kujera mai hannu.

Saƙonki na murya ya iso, na saurara ni da yara muna ta dariya har maƙwabciyarmu ta buga bango. Wai Baban yara ya sayi jirgin sama! Na ga yadda labarin ya yi tafiya. Ya taso daga Dogon Dutsi da fiffike biyu, ya kwana Kore Mai Ruwa ya ƙara ƙiba, kafin ya shigo Tibiri ya zama mai ɗaukar mutum 300 da ƴan mata masu raba abinci. Kin ce har an fara rubuta sunayen masu zuwa Makka, kuma ke kika sa kanki a farko. To zauna ki ji daga bakin mai shi, don ni ma ina da rabo a cikin jirgin nan.

Gaskiya ne an yi mini kishiya, kuma da hannuna na biya rabin sadakinta. Sunanta Robin DR400. A Darois aka fara ƙera irinta, kusa da garin Dijon, a 1972, kuma da wuya ki shiga ƙungiyar matuƙa a ƙasar nan ba ki tarar da ita ba. Kujera 4 gare ta, har da ta matuƙi. Abin da zai ba ki mamaki, jikinta katako ne, fukafukan kuma katako da aka lulluɓe da yadi aka shafe da fenti. Ki faɗa wa kafintan bakin kasuwarku ya daina raina sana'arsa. Ki kuma faɗa wa masu cewa a kawo ta a ajiye a ƙofar gidan Kawu cewa gara ta Arewa ba ta san darajar jirgi ba, damina ɗaya za ta mai da ita gari.

Kin san mutumin naki tun yana yaro. Ke ce ma kika ba ni labarin shekarar fara, 1988, da jirgin feshi ya ratso ƙasa-ƙasa, shi kuma ya saki akuyoyin Inna ya bi shi da gudu har ƙaya ta tsaga masa ƙafa. Bayan nan duk karan dawar da ya samu sai ya fere shi, ya soka tsinke, ya yi masa farfela da ɓawon kara. Ashe abin bai taɓa barin sa ba. Muna nan, yana aikinsa na wutar lantarki, ni ina nawa a gidan kula da tsofaffi, sai na lura kullum Asabar yana sa hula ya fita shi kaɗai, ya dawo yana murmushi, kuma ya fara ɓoye wani littafi a ƙarƙashin matashi. Ke da kin ga haka, ai da tuni kin tara dangi. Ni bin sa na yi. Can na same shi a Toussus-le-Noble, wani filin ƙananan jirage da bai da nisa da mu, ya kama waya ya manna fuska yana kallon masu tashi da sauka. Littafin kuma na koyon tuƙi ne.

Ranar ban yi masa faɗa ba, tausayi ya ba ni. Mutumin da tun zuwansa ƙasar nan bai taɓa tsallake wata bai aika gida ba, ya aurar da ƙannensa, ya kai Inna asibiti a Yamai, bai taɓa sai wa kansa ko agogon kirki ba, ga shi yana jin kunyar gaya wa matarsa abin da ransa ke so. Na ce masa ya shiga ya yi rajista, ni zan riƙe lissafi.

Lissafin kuwa ba na wasa ba ne. A nan Turai ba a ba mutum lasin tuƙin jirgi na kansa sai ya yi aƙalla awa 45 a sama, ya ci jarrabawar iska da gajimare da dokokin sararin sama da maganar rediyo, likita kuma ya duba zuciyarsa da idonsa da kunnensa. Hayar jirgin ƙungiya na awa ɗaya takan kai jika 100 na kuɗinmu ko ta wuce. Sai muka yi ta bi a hankali, watan da aka samu rara ya tashi, watan da aka yi suna ko rasuwa a gida ya zauna ya yi karatu. Ni ke riƙe littafin ina yi masa tambaya bayan sallar isha'i. Yau in kin kira ni kin nuna min gajimare a waya, zan gaya miki ko na ruwa ne ko na rashin kunya irin taki.

Da ya samu lasin na ɗauka magana ta ƙare. Ina! Sai ya koma kallon tallan tsofaffin jirage da dare, yana ajiyar zuciya. A nan ne na sa ƙafa na taka birki, kuma ina so ki maimaita wa Gwaggo wannan wurin da kyau, don na ji ta ce na sakar masa linzami. Na ce babu zancen jirgi sai an rufa ɗakunan da muka fara a Dutsi, an sa ƙofofi. Kuɗin da ake aika wa Inna da Kawu ko dala ba za ta ragu ba, asusun karatun yara kuma ko kallon sa ba za a yi ba. Sai da aka cika waɗannan duka. Sannan na ce masa jirgi sukutum ya fi ƙarfinmu, ya nemi abokan tarayya. Sayen ma shi ne mai sauƙi. Akwai kuɗin rumfar da take kwana, akwai inshora, akwai bakanike da ke buɗe ta bayan kowace awa 50 da awa 100, injin kuma idan ya yi wajen awa 2,000 sai an sauke shi an sabunta, wannan kaɗai ya isa gina gida a Matankari. Mai kuwa tana shan fiye da lita 30 a awa, wani shuɗin fetur da ya fi na mota tsada. Ko ta tashi ko ba ta tashi ba, tana ci.

Aka samu wata tsohuwa mai lafiya a kan euro dubu 60. Kin san euro ɗaya sefa 655 ne da ɗoriya, ki buga ki gani, ya haura miliyan 39. Aka raba huɗu, shi da wasu mutum uku na ƙungiyarsu, kowa kusan miliyan 10. Nasa ajiyar bai kai ba. Mu kuma matan Nijar da ke nan muna da adashi, ɗaukata ta zo, na haɗa da abin da na daɗe ina tarawa. Kin san tarbiyyarmu, kuɗin mace nata ne, ko miji bai isa ya taɓa ba. Don haka ban ba shi kyauta ba, ban ba shi bashi ba. Na ce a rubuta sunana a takarda. Yanzu rabin rabonmu nawa ne. Na gaya masa fiffiken hagu na zaɓa, duk ranar da ya ɓata min rai zan kwance abina in dawo da shi Tibiri mu yi rumfar sayar da fura ni da ke.

Kada ki ce ni na fara. A 1909, ranar 25 ga Yuli, wani Bafaranshe mai suna Louis Blériot ya tsallake tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da jirgin da ya ƙera, shi ne na farko da ya yi haka. Matarsa Alice tana cikin jirgin ruwan sojan da ke bin sa a ƙasa. Duk matuƙan nan sun san sunan mijin. Ni matar nake tunani, tana tsaye a kan ruwa tana neman ɗigonsa a sama har ya ɓace mata.

Maganar tsoro kuwa, ba zan yi wasa da ita ba. Gwaggo ta tuna min da Mano Dayak, da ƙaramin jirgi ya faɗi da shi a duwatsun Ayar a watan Disamba na 1995, tana da gaskiyarta. Ni ma gabana na faɗuwa. Na zauna da tsofaffin matuƙa na tambaye su abin da ya fi kashe masu ƙananan jirage, kusan bakinsu ɗaya: mutum ya yi alkawarin isa wani wuri, gari ya ɓaci, ya ƙi haƙura. Tun ranar na ɗaukar wa kaina abu guda. Ban taɓa ce masa ya dawo kafin magariba ba, ban taɓa ce masa abinci na jiran sa ba. Idan hazo ya rufe, ya kwana inda yake, ya shigo jirgin ƙasa da safe, ba zai ji ko uffan daga bakina ba. Shi kuma ya yarda duk ranar da na ga bai yi barci sosai ba, ko ransa a ɓace yake, in na ce a fasa, an fasa. A ganina wannan ya fi kuɗin adashin da na zuba nauyi. Sauran kuma na Allah ne, kamar yadda yake ga mai hawa kabu-kabu zuwa Geceme.

Na hau, in gaya miki. Kafin a tashi sai ya zagaya ta yana shafawa, ya tsiyayo mai kaɗan a wani ɗan kofi ya ɗaga sama ya duba ko ruwa ya kwanta a ƙasa, ya leƙa man inji, ya girgiza fiffike, ya karanta takardar bincike layi-layi da ƙarfi. Mutumin da ba ya iya gano takalminsa da safe! Aka ja rufin gilashi, na sa abin kunne, na yi addu'ar hawa, muka nufi Chartres. Gonakin alkama a shimfiɗe, kowace da iyakarta a miƙe, babban cocin garin kuma tun daga nesa ake hango shi. Ya koya min yadda zan riƙe sanda in daidaita ta, da lambar rediyon neman agaji, 121.5, ko da wani abu zai same shi. Da na juyo na dube shi, wallahi yaron nan ne mai jirgin kara, furfura kawai aka ƙara masa. Muna can sama yake ce min burinsa ya bi Dallol Mauri daga Tibiri har Matankari, ya zagaya Tozon Bijini, ya ga Tapkin Saw da lambunan dankalin Dutsi, ya wuce ta kan Lugu ya gai da garin Sarauniya. Kin san Orsay da Dogon Dutsi ƙawaye ne, akwai Turawan nan da suka sha zuwa garinmu, ɗaya daga cikinsu har cewa ya yi a ajiye masa kujera.

Sai dai ki kwantar da hankalin masu jiran a sauka a bayan gari. Daga nan zuwa Yamai kusan kilomita 4,000 ne, ita kuwa tana yin wajen 200 a awa, kuma kafin ta yi 1,000 tana neman mai. Ga teku, ga Sahara. Ban da haka, lambar Faransa ce a jikinta, kin kuma san a watan Satumba na 2023 aka rufe wa jiragen Faransa sararin Nijar. Makka kuwa ki ci gaba da tara kuɗin kujerarki wurin hukumar alhazai.

Ko da ma ta iso, akwai sharaɗin da na san ba za ki cika ba. Ba a shiga sai an faɗi nauyi na gaskiya, a rubuta, a haɗa da na mai da na kaya. Ke da kike ce wa mai awo sikelinsa ya lalace! In kin shiga ke da buhun waken da ba kya tafiya sai da shi, sai dai mu bi kwalta da ita har Doso muna yi wa manyan motoci oda.

Ɗiyarki ta fari ta kamu ita ma. Ta liƙa hoton Ouma Laouali a ɗakinta, wadda ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgi a sojan saman Nijar a 2015, ta ce ita babba za ta tuƙa, ba irin na babanta mai kujera 4 ba. Na ce ta fara cin lissafi a lakwal. Uban kuwa sai washe baki yake, ya samu magajiya. Yanzu in an zauna cin tuwo, ni da autana ne kawai ke maganar mutane.

Ki gaya wa Kawu kuɗin wata na tafe ranar da aka saba, jirgi bai ci ko tamma a ciki ba, kuma Baban yara ya ce a duba masa ko rufin ɗakin gabas ya yi yoyo da ruwan ƙarshe. Akwai mai zuwa daga Yamai bayan salla, zan turo miki lambarsa. Ki haɗo min kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawar batso, ki ɗaure ta leda uku don kada a kore shi daga jirgi. Kada ki sa kilishi, ba a shigowa da nama nan, karɓewa za su yi. Hoton kishiyar na nan tafe a waya, ki nuna wa Gwaggo, ki nuna mata fiffiken hagu da kyau.

Ki gai da maigidanki, ki ce masa ina jinjina masa bisa haƙurin da yake yi.

Uwargijiyarki,
taubashiyarki ta Orsay