Motar Baffa Mai Silinda Takwas

Da aka zo rabon gadon Baffa, malamin da ke rabo ya lissafa gida da gona da shago, sannan ya tambaya ko da sauran abu. Aka ce akwai mota a gareji. 'Ya'yan marigayi suka shiga kallon juna, kowa yana addu'a a zuci kada ta faɗo a kasonsa. Ni da ba magaji ba na yi gyaran murya na taya. Ban rufe baki ba babban wansu ya ce, "An sallama, Allah ya sa albarka." Tun da nake a cikin birnin Kano ban taɓa ganin cinikin da aka gama da sauri haka ba.

Motar Pontiac GTO ce, ƙirar 1967. A 1964 kamfanin General Motors ya ɗauki mota matsakaiciya ya cusa mata injin da ya fi ƙarfinta, samarin Amurka suka yi caa a kanta. Tawa silinda takwas gare ta, lita 6.6, tsawonta ya haura mita 5. A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa suka hana Amurka fetur, farashi ya yi sama, masu irin waɗannan motoci suka fara neman kai da su, kuma bayan ƙirar 1974 aka dakatar da ƙera ta. Tsadar man da ta kashe mata kasuwa a can ita ce ta cika aljihun Nijeriya a nan. Baffa ya karɓi kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, ya tarar da wani Ba'amurke zai koma gida, ya saye ta. Sitiyarinta na hagu ma ya zo daidai, don tun 1972 aka koma tuƙi a hannun dama. Ya yi ta yawo da ita har zuwa tsuke bakin aljihun zamanin Shagari a 1982, ya shigar da ita gareji, ya ce sai abubuwa sun daidaita. Har ya koma ga Allah ba su daidaita ba.

Ranar da muka buɗe garejin mun tarar kaza tana kwanci a kujerar direba. But ɗin cike yake da tukwanen biki na Hajiya, ɓeraye kuma sun gama da kujerar baya tun zamanin soja.

Na ɗauko wani tsohon bakanike da aka ce ba injin da ya taɓa gagararsa. Ya ɗaga bonet, ya daɗe yana kallo, ya ce, "Alhaji, inji biyu ne aka haɗa wuri ɗaya ko idona ne?" Daga nan rigimar sifana ta tashi. Amurkawan wancan zamani da inci suke auna notinsu, mu kuma duk sifanar da ke akwatin bakanikenmu ta milimita ce, don Fijo da motocin Japan muka saba da su. Notin rabin inci milimita 12.7 ne: lamba 12 ta ƙi shiga, lamba 13 ta shiga tana rawa tana cinye kan notin. Bakaniken ya ce wannan ba komai ba ne, ya aiki yaronsa ya kawo kurfi da guduma. Duk notin da ya yi gardama, da haka aka shawo kansa.

Neman kaya ya kai ni Ƙofar Ruwa. Abin da nake so da 'yan kasuwar nan shi ne bakinsu bai san "babu" ba. Ka ce kana neman famfon ruwan Pontiac, a ce maka, "Akwai, Yallaɓai, zauna." A kawo maka benci da ruwan leda, a tura yaro. Bayan sallar Azahar yaro ya dawo da famfon Fijo 504, mai shago ya juya shi a hannu ya ce ai duk ɗaya ne, huda biyu kawai za a ƙara. Da na gaji na sa ɗan ƙanwata ya duba min a intanet ko zan rubuta wa kamfanin. Ya gama latse-latsensa ya ɗago ya ce, "Kawu, an rufe Pontiac tun 2010." Ashe kamfanin ma ya riga Baffa rasuwa.

Duk da haka bakaniken nan ya tayar da ita, kuma a nan na sara masa. Ya wanke kabureta, ya goge filogi takwas ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaura batirin tifa. Da ta kama, tattabarun unguwa gaba ɗaya suka tashi, ƙasa ta zubo daga azarar soro, wata tsohuwa a maƙwabta ta fito tana salati ba mayafi. Ni kuwa ina tsaye cikin hayaƙi ina murmushi har kunne. Ba mu gama murna ba ta yi tari ta mutu. Galan ɗin fetur da muka zuba ne ya ƙare, alhali ko motsawa ba ta yi ba. Wannan kuwa bayan 29 ga Mayu, 2023 ne, lokacin da aka cire tallafin mai kowa ya koma lissafin lita.

Bakanike ya share zufa ya ce, "Alhaji, gaskiya ɗaya ce. Wannan injin na masu rijiyar mai ne. A sa mata na Toyota mai silinda huɗu, ka huta." Aka sa. Daga nan kowa ya kawo tasa gudummawar. Lagireto na bas ne, fitilun gaba na a-kori-kura, mai ɗinkin kujera ya lulluɓe ciki da jar leda mai ƙyalli irin ta ɗakin amarya. Mai wayarin ya yi nasa aikin, ta yadda in ka danna hon sai waifa ta tashi, in kana son hon kuma sai ka kunna sigina ta hagu. Tsohon injin ya zauna a soro yana tare hanya, uwargida tana tuntuɓe da shi safe da yamma, har ranar da ta ce ko shi ko ita. Na kira 'yan gwangwan suka auna shi a kilo, suka ɗora a kura.

Sai ranar fita. Lokacin da Baffa ya shigar da motar, fili ne a ƙofar gidan. Daga baya wani ya fitar da shago, wani ya gina dakali, aka kafa turken wuta, aka haƙa kwata a tsakiya. Lungunan cikin birni dama ba da mota aka yanka su ba, da jaki da doki aka yi lissafi, ita kuwa faɗinta ya kusa mita 2. Muka auna ta da igiya, muka auna lungu, igiya ta yi saura da taƙi guda.

Magana ta kai gaban mai unguwa, don dakalin da ya tare hanya nan ne majalisar dattawa bayan La'asar. Mai dakali ya ce mahaifinsa ne ya gina shi, ba zai rushe tarihi saboda ƙarfe ba. Mai unguwa ya ce a yi haƙuri da juna, zumunci ya fi dakali. Aka tashi a kan zan rushe, in sake ginawa, in sa tayil, in ƙara rumfar kwano. Samarin unguwa suka ɗaga gindin motar a kwana suna kabbara, madubin dama ya zauna a jikin turken wuta, muka fito titi. Na bi ta Ƙofar Nassarawa yara na bin mu a guje, 'yan a-daidaita-sahu suna ɗaga min hannu, ina mayar musu da waifa.

Wani ya ɗauki bidiyo ya sa a TikTok. Ba a yi mako ba wani mai tara tsofaffin motoci ya zo daga Legas. Ya zagaya ta yana shafa bodi, ya faɗi kuɗin da sai da na dafa bango. Sannan ya ce a buɗe bonet. Ya leƙa, ya cire tabarau, ya sake leƙawa. Ya ce ina injinta na asali, wanda ta fito da shi daga masana'anta, don shi ne rabin kuɗin. Ya ce ko a mace yake a kawo.

Ban tsaya neman hula ba na hau babur sai wurin 'yan gwangwan. Ogansu ya saurare ni da kyau, ya ce ya tuna injin, don sai da mutum huɗu suka ɗaga shi. Ya ce tirela ta tafi da shi kudu tun watan jiya, wurin masu narka ƙarfe. Ya miƙo min ruwan leda, ya matso da benci, ya ce, "Alhaji, ita sauran motar fa? In za ka kawo ta gaba ɗaya, zan ƙara maka a kan kilo."