Gawar dodo a kan Bop

A wasan kwamfuta na Kerbal Space Program, wanda kamfanin Squad na ƙasar Meziko ya ƙirƙira, akwai wata ƙatuwar koriyar duniya mai suna Jool, da watanni biyar suna kewaya ta. A cikin watannin, kowa Laythe yake so, mai teku da iska. Shi kuwa Bop ɗan dunƙulen dutse ne, kamar curin furar da aka mulmula da hannun hagu. Ko hanyarsa ma a karkace take da digiri 15, sai ka ƙona mai sosai kafin ka cim masa.

In ka isa, sai haƙuri. Ƙarfin jansa bai kai kashi ɗaya cikin goma na duniyarmu ba. Ɗan sama jannatinka ya daka tsalle, kai ka zuba tagumi kana jiran saukowarsa.

Ladan wahalar? Can wajen arewacinsa an ajiye gawar Kraken, dodon da 'yan wasa ke ɗora wa laifi duk lokacin da kumbo ya tarwatse babu gaira babu dalili. Ga shi nan sheme, idanu waje, amma har yau kumbuna ba su daina fashewa ba.