Yadda Ake Lulluɓe Furanni a Daren da Sama Ta Yi Garau

A ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Faransa, mai lambun furanni yana da wani abokin gaba wanda ba ya zuwa sai an saki jiki, wato daskararriyar raɓa ta watannin Afrilu da Mayu. Abin da ake nufi da ita shi ne sanyin dare da ke saukar da ma'aunin zafi ƙasa da sifiri bayan hunturu ya wuce, har ruwan da ke cikin ganye ya zama ƙanƙara ya farfasa ƙwayoyinsa, a wayi gari sabon toho ya yi baƙi ya langaɓe. Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne tsirrai masu sake tohuwa kowace shekara amma marasa jure sanyi, kuma yawancinsu baƙi ne a can: daliya asalinta Meziko, felagoniyam daga Afirka ta Kudu, kanna kuwa daga yankuna masu zafi na nahiyar Amurka. Tun da Bahaushe ya ce baƙonka annabinka, wanda ya gayyato su gidansa ya ɗauki nauyin makwancinsu.

Makami na farko shi ne haƙuri, kuma shi ne ya fi kowanne ƙaranci, domin rana ɗaya mai ɗumi a Afrilu ta isa ta sa mutum mai hankali ya fita da shebur. Manoman Jamus sun daɗe da sanin wannan rauni, shi ya sa suke jiran kwanakin 11 zuwa 15 ga Mayu, waɗanda suke kira kwanakin waliyyan ƙanƙara, su wuce kafin su dasa abin da ke tsoron sanyi. Ko bayan nan ma, shukar da ta girma a ɗakin gilashi ba a jefa ta waje kai tsaye; ana fito da ita da rana a mayar da ita da dare har mako ɗaya ko biyu, don ta saba da iska sannu a hankali.

Sai kuma karanta sama. Daren da ya fi kowanne kyau, wanda taurari suka fito sarai kuma iska ta kwanta, shi ne ya fi haɗari, saboda zafin da ƙasa ta tara da rana yana tashi sama ba gajimaren da zai tare shi. Masu hasashen yanayi suna auna iska a tsayin da ya haura mita 1 daga ƙasa, alhali doron ƙasa inda toho yake ya fi nan sanyi, don haka idan an ce digiri 3 ko 4 za a yi, lokacin neman mayafi ya yi. Iska mai sanyi kuma tana da nauyi, gangarawa take yi ta taru a kwari, saboda haka shukar da ke ƙasan gangare ita ake fara ceta.

Game da lulluɓin kansa akwai wata gaskiya da ta kamata a riƙe, domin daga gare ta sauran ƙa'idoji suka fito: shuka ba ta da ɗumin jiki, mayafi kuwa ɗumin ƙasa yake tsarewa ya ba ta. Wanda ya naɗe kan shuka ya ƙulle a wuyanta ya raba ta da abin da zai ɗumama ta ke nan. Dole mayafin ya sauka har ƙasa ta kowane gefe, a danne bakinsa da duwatsu, a kuma yi haka tun kafin faɗuwar rana. Mafi dacewa shi ne farin yadi marar nauyi da ake sayarwa musamman don lambu, wanda ake iya ninkawa biyu, amma tsohon zanin gado ma yana aiki, da sharaɗin an nemi izinin uwargida tukuna, domin akwai sanyin da ya fi na dare idan ta tarar da zaninta a kan daliya. Leda ba ta da amfani idan ta taɓa ganye, sai dai a ɗora ta kan sanduna. Ƙananan tsirrai ana kife su da bokiti ko kwali, kamar yadda masu lambun kayan miya na kewayen Paris suka yi ta kife nasu da ƙararrawar gilashi a ƙarni na 19. Yana da kyau a shayar da ƙasa da rana, domin mai danshi ta fi busasshiya riƙe zafi. Abin da ke cikin tukunya kuwa a kinkime shi zuwa ɗaka. Yana kuma daga cikin zaman lafiya a sanar da maƙwabci, kada ya leƙo da asuba ya ga fararen abubuwa tsaye cike da lambu ya fara neman tsari.

A Afrilun 2021, lokacin da sanyi ya afka wa gonakin inabi na Faransa, manoman yankin Chablis sun kwana suna kunna manyan kyandirori a tsakanin layukan gonakinsu, kuma duk da haka an yi asara mai yawa. Mai ɗan lambun bayan gida bai kamata ya kwaikwaye su ba, musamman ma da yake ya riga ya baza zannuwa ko'ina.

Da safe, idan rana ta ɗan ɗaga kuma ƙanƙarar ta narke, sai a yaye mayafin, don kada abin da aka ceta daga sanyi ya dahu a ƙarƙashin bokiti. Idan kuma an makara ɓarna ta auku, to a kama hannu, kada a ɗauko almakashi don fushi. Ƙonannen ganye yana kare abin da ke ƙarƙashinsa daga sanyin da ka iya biyowa, shi ya sa ake barinsa har haɗarin ya wuce sabon toho ya bayyana, sannan a yanke matacce daidai saman mai rai. Daliya musamman ba a saurin yi mata kuka, domin abincinta yana ajiye a saiwarta mai kumburi a cikin ƙasa, kuma muddin sanyin bai kai can ba, takan sake tohowa cikin 'yan makonni.