Bayani a Kan Ɗabaƙoƙin Masu Gyara da Hannunsu

Tun sa'ad da kayan aikin bakanike da na mai gyaran rediyo suka yi araha a kasuwanninmu, har ya zamana wanda ya ratsa Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, da wuya ya fito ba da sifana ko filaya a aljihunsa ba, sai wata jama'a ta bayyana a cikinmu, waɗanda ba su taɓa durƙusawa gaban wani ubangida sun koyi sana'a ba, amma kowannensu ya ba kansa ijaza, ya kuma ɗauka cewa kai mota gareji naƙasu ne ga mutuncin magidanci. Su kuwa ɗabaƙa-ɗabaƙa ne, kowa da mazhabarsa, ko da yake ɓarnarsu takan haɗu a wuri guda.

Mafi sauƙin sha'ani a cikinsu shi ne ma'abucin akwati. Wannan ya tara sifana tun daga lamba 6 har zuwa 32, ga zarto, ga magagari, ga guduma, ga mita mai auna wuta wadda bai san inda ake murɗa ta ba. Ran Asabar ya fito da su ya goge da tsumma, ya jera, ya tsaya yana kallo, sa'an nan ya mayar ya kulle. Ba ya gyara kome da su don kada su yi dauɗa, ba ya kuwa ba da aro. Ranar da kan batirin motarsa ya saki, sifana mai lamba 10, wadda ita kaɗai ake bukata, ita ce za a nema a rasa, laifin kuma ya faɗa kan yara.

Wanda ya fi shi hatsari nesa ba kusa ba shi ne mujtahidi, wato mai kwancewa. Wannan bawan Allah, da zarar ya ji rediyo ya fara shaƙewa, ko fanka ta yi nauyin juyawa, sai ya shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ya kori yara, ya sa uwargida ta kawo masa faranti don zuba notuna, sa'an nan ya shiga warware na'ura da natsuwa irin ta mai bitar littafi, ya ɗora ƙarfen narka dalma a kan garwashi, ya ɗiga dalma inda ransa ya raya masa, yana gyaɗa kai, har la'asar ta yi sakaliya. In ya zo mayarwa, ba makawa sai notuna uku ko huɗu sun ragu a faranti, tare da wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa wanda ba a san mazauninsa ba. Shi kuwa ko a jikinsa, domin ya riga ya yanke hukunci cewa maƙeran Japan israfi suka yi. Rediyon da a da yake kama Kaduna da ƙyar, yanzu ya huta gaba ɗaya. In uwargida ta ce, "Malam, ai da yana magana," sai ya haɗe fuska ya ce, "Ke ba ki san sha'anin wuta ba, sai ya huce."

Mai taƙlidi kuwa bai yarda da buɗe kome ba, domin ilminsa gado ne, ya karɓo shi daga magabata da isnadi: abin da ya ƙi aiki a mare shi, batirin tocila in ya mutu a shanya shi a rana. Ɗan'uwansa na jini shi ne maƙiyin fiyus. Shi fiyus, kamar yadda masana suka bayyana, an yi shi da siririyar waya ne da gangan, domin in wuta ta zo fiye da ƙima ya narke, ya fanshi sauran kayan gida da ransa. Amma mutumin namu, da ya ga abin yana yawan ƙonewa, sai ya fahimci cewa ragwanta ce, ya naɗa masa jan ƙarfe mai kauri wanda ba ya narkewa har abada. Lalle fiyus bai sake ƙonewa ba. Talabijin ce ta ƙone, da fanka, da rabin labulen ɗaki.

In muka fita kan titi, farkon wanda za mu tarar shi ne muftin bakin hanya. Ba shi da mota, bai taɓa riƙe sitiyari ba, amma da an ɗaga bonet sai ga shi ya ɓullo, hannu a baya, ya leƙa ya ce, "Alhaji, kafireta ce," alhali galibin motocin zamanin nan ba su da kafireta ko kaɗan. In aka ce masa babu, sai ya koma kan fulogi ba tare da jin nauyi ba. Shi ne mai ba da fatawar a buɗe murfin lagireto injin yana tafasa, ya manta cewa ruwan da ke ciki a matse yake, zafinsa yakan haura digiri 100, da an sassauta murfi zai yi tsiri ya wanke fuskar mai buɗewa. Sai dai na lura, lokacin buɗewar shi yakan ja da baya taku uku.

A cikin direbobi akwai zahidi mai tsimin mai, wanda in ya hango gangara sai ya fitar da giya ya kashe inji, yana murna ya tsirar da cokali biyu na fetur, bai san cewa taushin birki daga zuƙar iskar injin yake samuwa ba, har sai ya taka sau biyu ko uku ya ji shi ya sandare, ga kuwa tirela a gaba. A nan ne ake jin salatin da ba a taɓa ji daga bakinsa ba. Akwai kuma mai tawakkali ba bisa ƙa'ida ba, wanda jar fitilar baƙin mai ta kama a gabansa, ta dame shi da haske, ya sami takarda ya liƙe ta, ya ci gaba da tafiya cikin kwanciyar hankali har injin ya buga, sa'an nan ya ce ƙaddara ce. Amma dattijon nan mai Peugeot 504, wanda ke riya cewa tun da aka buɗe masana'antar Peugeot ta Kaduna a 1975 ba a sake ƙera motar kirki ba, wanda kuma har yau bai gama yafe wa hukuma komawar da aka yi tuƙi ta hannun dama a 1972 ba, don haka yake bin tsakiyar titi domin ya yi adalci tsakanin zamunna biyu, shi ba na cewa kome a kansa, saboda girman furfura.

Dukkansu dai, bayan kwana biyu ko uku, a gareji ake ganinsu, an jawo mota da igiya, ko an rungumo rediyo a cikin zane. Bakanike ya duba, ya yi shiru, ya ɗaga wata waya da aka ɗaure da ledar burodi, ya ce, "Ranka ya daɗe, wa ya taɓa ta?" Mai ita kuwa ya dube shi ido cikin ido ya ce, "Taɓawa kuma? Haka kawai muka wayi gari muka gan ta."