Ɓawon Lemu Ma Kuɗi Ne, Ku Yi Ta Dariya

Alhaji, mayar da a'uziyyarka, ba giya zan koya maka ba. Margarita kawai na ambata, har ka fara gyara hula. Abin sha ne na mutanen Meziko da Amurka: barasar tekila, ruwan lemun tsami, da wata barasa mai ƙamshin lemun zaƙi, sai a shafa gishiri a bakin kofi. Haramun ce gare mu, babu gardama. Ta ukun nan ce ta ja hankalina, wadda in ta ƙare masu shan kan shiga neman abin da zai maye gurbinta. Ita fa ba da ruwan lemu ake yin ta ba. Da ɓawo ake yi. E, ɓawon nan da mai lemu ke ferewa a bakin tashar Tawa, ya zube ƙasa, akuya ta zo ta yi kalaci.

Na ji wani ɗan fada can baya yana cewa, "Mi? Ɓawo?" Ajiye butar shayin ka saurara, ƙanena. Cointreau, wadda ta fi suna cikin irin wannan barasar lemu, a garin Anje na Faransa ake yin ta tun ƙarni na 19, da ɓawon lemu mai zaƙi da mai ɗaci. Akwai kuma tsibirin Kurasawo, kusa da Benezuwela. Sifaniyawa suka kai lemu can, ƙasar ga fari ga tsandauri, lemun ya fito da ɗacin da ba ya shawuwa. Sai daga baya aka lura busasshen ɓawonsa ƙamshi gare shi, har sunan tsibirin ya zama sunan abin sha. Ba'adaren da ya san noma tsakanin duwatsun Keita da Buza bai kamata wannan labari ya ba shi mamaki ba.

A San Faransisko, wani mai gidan abinci, Julio Bermejo, ya cire barasar lemun ɗungurungum ya sa ruwan zaƙin agabe, tsiron da ake yin tekila da shi. Ya tsira da zaƙi, ya yar da ƙamshi. Mu kuwa barasar duka za mu zubar, mu riƙe zaƙin da ƙamshin.

Hajiya ta taɓe baki: "To ai sai in matse lemun zaƙi cikin na tsami." Matsa mana, uwargida. Za ki samu ruwa tsululu, tsamin ya mutu, ƙamshin bai zo ba. Ƙamshin lemu a fatarsa yake, cikin 'yan ƙananan ramukan nan masu mai. Duk wanda abokinsa ya taɓa matse wa ɓawo a ido lokacin makarantar allo ya san da man nan. Matsa shi kusa da ashana, za ki ga wuta ta yi tartsatsi. Shi kuwa garin lemun leda, ban ce komai ba. A duba harshen yaro bayan ya sha.

Ga yadda ake yi. A wanke lemu biyu sosai, a fere sama-sama da wuƙa mai kaifi. Nan ne gizo ke saƙa: farin nan na ciki kada ya biyo, shi ne uban ɗaci, in ya shiga tukunya sai a ce maganin shawara kika dafa, a zo ana zagina. Kofin sukari, kofin ruwa, a zuba ɓawon, wuta kaɗan-kaɗan kamar minti 10, a rufe, a bar shi ya huce da murfinsa, a tace. Lemun tsamin kuwa ba ya ganin wuta, kuma sai an kusa sha ake matse shi, don in ya daɗe ɗaci yake yi. Ruwan sanyi, ƙanƙara, cokali biyu ko uku na ruwan ɓawon a kowane kofi.

Kore ko ja, duk ɗaya. Lemun da ke shigowa daga Najeriya ta Ƙonni yakan nuna da koriyar rigarsa, don launin ja sanyin dare yake so. Na Timiya, da ke gangarowa daga duwatsun Ayar ta hanyar Agadas lokacin ɗari, shi ne ɗan gayu. A lokacin ne mai wayo ke shanya ɓawo a inuwa ya adana, saboda Afrilu da Mayu, sa'ad da zafin Tawa ke haura digiri 40.

Gishirin bakin kofi fa? Jiƙa bakin da lemun tsami, kifa shi kan gishiri mai laushi. Yana danne ɗaci, ya fito da zaƙi, kuma jikin da ya wuni yana zufa ba zai ƙi ba. Beza ta Bilma nake nufi, kada wani ya je ya fasa kantun raƙumi ya ce ni na sa shi.

Saura Baba, da ya ce kakanninmu da fura da zoɓo suka rayu. Gaskiya ne, Baba, Allah ya ƙara girma. Amma aceken da yaranka suka koyo a Abijan, wane kakan ne ya sa masa hannu? Na ga dai kwanonka ba ya dawowa da saura. Mai musu ya zo da kofinsa bayan la'asar. Ƙanƙara kuwa shi zai saya.